Ga Barira, Da Ta Tafi Koyon Tsaron Intanet

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga autata Barira,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan kin sauka Yamai lafiya, gajiyar hanya ta bi lafiya, kin sami ɗaki mai iska da maƙwabta na kirki. Allah Ya tsare min ke a shigarki da fitarki, Ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe, Ya sa abin da kika je nema ya zo hannunki da albarka. Mu nan Tanut lafiya lau muke, mahaifinki yana gaishe ki. Labarin gida kuwa yayyenki za su ba ki a waya, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ranar da muka raka ki tasha, na je da magana cike da baki. Da na ga kin leƙo ta tagar mota, abin da ya fito kawai shi ne, "Ki riƙa cin abinci." Na dawo gida ina jin haushin kaina, mahaifinki yana ta yi min dariya. To ga sauran nan na rubuto.

Na daɗe ban gane karatun nan naki ba, sai ranar da kika zaunar da ni a tsakar gida kika ce, "Inna, mutane yanzu sun zuba asirinsu cikin na'ura, na likita da na kasuwa da na gida. Akwai ɓarayin da ke shiga daga nesa ba su taka ƙofar kowa ba. Ni tare su zan koya, in na ci jarrabawa a ba ni difilom." Ban san komai a kan na'urarku ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Amma na yi shekaru ina zaune a wurin da maganar mutane ke bi ta kunnena kafin ta isa ga mai ita, na kuma yi tuntuɓe a wurin. Gara ki ji inda na faɗi, ko kya ɗaga ƙafa in kin zo wajen.

Kin san a Gangara aka haife ni. Kakanki manomin gero ne da gyaɗa, bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma shi ya kama hannuna ya kai ni. Da na sami sartafika ta gama firamare na ɗan ƙara gaba, wajen ƙarshen shekarun saba'in, sai aka ce ana neman 'yan mata da za a koya wa aikin haɗa waya. Aka tura ni Damagaram horo, na sauka wurin gwaggona.

Can na fara kuskure. 'Yan ajin yawancinsu 'yan birni ne, Faransanci na zuba a bakinsu kamar ruwa. Ranar farko na buɗe baki na yi tambaya, wata ta kwaikwayi muryata, aka yi dariya. Daga ranar na koma kujerar baya na kulle bakina. Malamarmu, Madam Zali, takan yi bayani ta ce, "An gane?" Ni ce ta farko wajen gyaɗa kai, alhali ko rabi ban gane ba. Na yi ta tara rashin sani kamar mai tara wanki, har ranar gwaji ta zo. Aka zaunar da ni gaban standar, wato allon nan mai ramuka da igiyoyi da ake haɗa mai kira da wanda ya kira. Ƙararrawa ta kaɗa, na riƙe igiya a hannu ban san ramin da zan sa ta ba. Na fashe da kuka a gaban kowa.

Madam Zali ba ta yi min faɗa ba. Da aka watse ta ce, "Tun yaushe kika ɓata?"

Na ce, "Tun makon farko, Madam."

Ta ce, "Kika bar ni ina ta tafiya ni kaɗai? Wadda ta yi miki dariya ta manta tun ranar. Ke ce kika goya dariyar kina yawo da ita."

Ta sake min darasin daga tushe, na ci gwajin a karo na biyu. Saboda haka, Barira, in an yi bayani ba ki gane ba, ki ɗaga hannu tun abin yana ɗanye. Za ki tarar da waɗanda suka taso da na'ura a ɗakinsu tun suna rarrafe, ke kuwa sai da kika girma kika taɓa ta. Wannan ba abin kunya ba ne. Sun riga ki tashi ne kawai, hanyar ɗaya ce. Ki nemi abokiyar karatu wadda ba ta jin nauyin cewa "ban sani ba", ki riƙe ta.

Da na gama aka ba ni aiki a gidan waya na nan Tanut. Kafin in zauna kan kujera sai da na yi rantsuwa cewa abin da na ji a bakin aiki ba zai fita daga bakina ba. Na yi ta da zuciya ɗaya, ina ganin abu ne mai sauƙi. Lokacin duk garin wayoyin ba su da yawa. Mai son magana da Agadas ko Damagaram sai ya bi ta hannuna, kuma dole in ɗan saurara in tabbata layin ya shiga kafin in janye kunne.

Labarin da zan ba ki yanzu kin sha jin gutsurensa a bakin mutane ana dariya. Yau ki ji shi daga wurina, don ranar ba abin dariya ba ne.

Akwai maƙwabciyarmu Gambo, matar Mamman direba, wanda ke jan babbar motar wani Alhaji tsakanin nan da Agadas. Gambo ta girme ni kaɗan, tana sona, kullum ta dama fura sai ta ajiye min. A lokacin tana da tsohon ciki. Wata ranar kasuwa da hantsi aka kira daga Agadas ana neman Alhajin. Layin ba shi da kyau, sai ƙara yake yi kamar ana suyar gyaɗa. Na haɗa su, na tsaya in ji ko ya shiga. Cikin ƙarar nan kalmomi suka faɗo kunnena: "Mamman... mutu... a hanya... a aiko." Na ji Alhaji ya yi salati. Sai na zare abin sauraro daga kunnena.

Ban tsaya na tambayi kowa ba. Ban tuna da rantsuwa ba. Abin da ya zo min kawai shi ne kada Gambo ta ji a bakin 'yan kasuwa, gara ta ji daga mai ƙaunarta. Na bar standar a buɗe na fita da gudu, takalmi ɗaya ya cire ban koma ba.

Na tarar da ita tana tankaɗe a gindin bishiya. Ta ɗago ta ce, "A'a, 'yar gidan waya, yau da rana tsaka? Lafiya?"

Na durƙusa na ce, "Yaya Gambo, sai haƙuri."

Ta ce, "Haƙurin me?"

Na ce, "Mamman. A hanyar Agadas."

Rariyar ta faɗi daga hannunta. Ba ta yi ihu ba, sai ta dafe ciki ta sulale ƙasa. Kafin ka ce kwabo gida ya cika da mata, ana kuka, an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wani ya tafi kiran liman. Ana cikin haka naƙuda ta taso mata, alhali watanta bai kama ba. Aka ɗauke ta a amalanke zuwa likita, wato asibiti.

Muna tsaye a ƙofar gida sai ga Alhaji ya biyo ta wurin da makaniki a bayansa. Ya ga taro ya tsaya ya ce, "Inna lillahi! Wa ya rasu?"

Aka ce, "Ai direbanka."

Ya ce, "Wane direban? Yanzu na gama magana da wanda ya baro shi yana shan shayi a gindin mota. Motar Mamman ce ta mutu a hanya, suka ce a aiko da makaniki. Wa ya kawo wannan magana?"

Duk idanu suka juyo kaina. Barira, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Tsakanin "ta mutu" da "ya mutu" harafi ɗaya ne, ƙarar layi ta cinye shi, ni kuma na cike gurbin da abin da tsoro ya raya min.

Na bi su likita na zauna a baranda, ba wanda ya kula ni. Na roƙi Allah roƙon da ban taɓa yin irinsa ba, don na san in wani abu ya sami Gambo ko abin cikinta, bakina ne sila. Wajen la'asar ungozoma ta fito ta ce an sami namiji, ɗan mitsitsi, amma yana numfashi, uwar ma ta farfaɗo. Sai a lokacin na ji ƙafata tana zafi, na duba na ga ƙaya ta shige ta tun gudun da na yi.

Washegari shef ɗinmu, shugaban gidan wayar, wani dattijo da muke kira Malam Sule, ya kira ni. Na shiga na tabbata kora ce. Ya dube ni ya ce, "Na san kunne ba shi da murfi, ban ce kada ki ji ba. Amma baki yana da shi. Kuma ko da abin da kika ji gaskiya ne, naki ne da za ki kai?"

Na ce, "Tausayi ne ya sa ni, Malam."

Ya ce, "Na sani. Da mugunta ce da tuni kin tafi gida. Amma ki sani, yawancin masu fasa asirin mutane a wannan aiki ba mugaye ba ne. Masu kirki ne da suka ga kamar sun fi mai maganar sanin abin da ya dace da ita."

Ya ɗauke ni daga standar ya mai da ni ware wasiƙu na wani lokaci, ya ce kuma sai na je na nemi gafara da ƙafata. Na je. Mamman ya dawo, yana zaune a zaure ana ta zuwa yi masa barka biyu, ta haihuwa da ta tashi daga matattu. Gambo ta ƙi kallona da farko. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Can ta miƙo min jaririn ta ce, "Ungo, riƙe shi. Ke kika kira shi, ya amsa." Yaron nan shi ne wanda duk gari ke ce wa Ɗan Waya, mai shagon ɗinki a bakin tasha, wanda ya ɗinka miki kayan tafiya.

Ke ma za a ba ki mabuɗin wuraren da mutane ba su san kina iya shiga ba. Za ki ga abin da miji ya ɓoye wa mata, da cutar da wani bai gaya wa 'ya'yansa ba, da sunan wanda kika sani. Wata rana zuciyarki za ta ce miki faɗa shi ne alheri. Ki tsaya tukuna. Sau da yawa abin da kika gani guntu ne, ba ki ga farkonsa ba, ba ki ga ƙarshensa ba. In abu ne mai haɗari da ba ya ɓoyuwa, ki kai shi ga wanda aikin ya ce a kai wa, ta ƙofar da aka tanada. Kada ki ɗauka da gudu ki nufi gidan mutane.

Bayan wannan na zama kamar kabari, ko mahaifiyata ba ta jin komai daga wurina. Na ɗauka na gama koyon darasi. Ashe da saura.

Akwai wani dillalin dabbobi daga wajen Tarka, Ilu, mutum mai fara'a da tsabtar riga. Yakan zo yin waya, in yana jiran layi sai ya tsaya ta taga muna hira. "Ƙanwata" yake ce min. Wani lokaci ya kawo min cuku, wani lokaci dabino, ya tambayi lafiyar kakanki da sunansa. Bai taɓa cewa in gaya masa abin da wani ya faɗa ba, da ya yi da na gane shi tun ranar. Tambayoyinsa ƙanana ne. "Yau layin Damagaram ya sha aiki ko?" "Alhaji wane ya leƙo kuwa? Ina nemansa." "Shi ma Damagaram ɗin ya kira?" Ni kuwa in ce e, in ce a'a, ina ganin ban faɗi komai ba.

Ashe shi tsinta yake yi yana haɗawa. In ya ga manyan masu sayen dabbobi sun dami layi ɗaya a mako guda, ya san kasuwa ta motsa a can. Sai ya riga kowa zuwa rugagen wajen Tenhiya, ya saye raguna a hannun makiyaya da tsohon farashi kafin labari ya kai musu. A bakinsa na ji. Ya zo wata rana yana washe haƙora, ya ce wa wani da ke tsaye kusa da shi, "Ni ai ba na ɓata a kasuwa, ina da ƙanwa a gidan waya." Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Na tuna matan Fulanin da ke kawo mana nono, mazajensu ne aka yi wa wannan wayon da taimakona.

Na ce, "Malam Ilu, daga yau in ka zo waya, ka yi wayarka ka tafi. Cukunka ma na gode, ya isa."

Ya ce, "Haba ƙanwata, me na taɓa tambayarki?"

Na ce, "Ba komai. Shi ya sa na daɗe ban gane ba."

Kin taɓa ce min a karatunku har da irin wannan ake koyarwa, cewa ɓarawo ya fi son ya bi ta mutum da ya fasa na'ura. To in malaminku ya zo wurin, ki saurara da kyau, uwarki ta ga abin da idonta. Ba da fuskar ɓarawo zai zo ba. Zai san sunan garinku, ya yabi ƙoƙarinki, ya nemi abu kaɗan wanda kunya za ta hana ki hana shi. Ba na ce ki zama mai ɗaure wa mutane fuska ba. Ki yi fara'a, ki gaida kowa, ki ci abinci da abokai. Amma in tambaya ta taɓa aikinki, ki tambayi kanki me mai ita zai yi da amsar.

Saura ɗaya, ita ce ta fi tsaya min a rai, ko da yake ba wanda ya cutu da ita sai ni.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, na yi aure har na haifi yayyenki biyu, sai labari ya zo cewa za a kawo sababbin na'urori masu haɗa waya da kansu. Aka ce kowane wuri a ba da sunan wanda za a tura Yamai ya koyo su, ya dawo da takardar shaida. Malam Sule ya sa sunana. Mahaifinki ya ce in tafi, ƙanwarsa za ta riƙe yara. Komai ya shirya, ni ce ban shirya ba. Na ji an ce karatun da lissafi a ciki, kuma da samari masu ilimi mai zurfi za a zauna. Na ga kaina a babban birni ina sake riƙe igiya ban san raminta ba. A lokacin kakarki tana fama da ciwon ƙafa, sai na je na ce wa Malam Sule ba zan iya barin tsohuwa a wannan hali ba. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Aka tura wani.

Ban gaya wa kakarki ba, amma magana ba ta ɓuya a ƙasarmu ta Damargu. Da na je Gangara gaishe ta, na tarar da ita zaune tana bakacen gero da ƙafar a miƙe. Ko amsa gaisuwata ba ta gama ba ta ce, "An ce an kira ki Yamai kin ƙi, wai saboda ni."

Na ce, "Iya, ƙafarki ce."

Ta ce, "Ƙafata tun kafin a yaye ki take ciwo, ba ta hana ni noma ba. Ke likita ce? Da kika zauna, ta warke?"

Na zauna a gefenta.

Ta ce, "In tsoro kike ji, ki ce tsoro nake ji, sai mu yi miki addu'a. Amma kada ki ɗauki tsoronki ki ɗaura min a ƙafa. Nauyinta ya ishe ni."

Na koma na sami Malam Sule, ya ce an riga an rufe. Na'urorin suka iso daga baya, aka kwashe standar ɗina aka kai ɗakin ajiya, aka mai da ni sayar da kan sarkin manna wa wasiƙu har na bar aiki. Ban ce na yi baƙin ciki da rayuwata ba, alhamdu lillahi, na ci na sha na rene ku. Amma duk ranar da na wuce ɗakin da na'urorin suke, na ji suna ƙara su kaɗai, sai in ce a raina da yanzu na san abin da suke faɗa.

Ga dalilin da ya sa na ba ki wannan labari. Yayanki ya gaya min abin da kika ce masa kafin ki tafi, kada ki ji haushinsa, ni na matsa masa. Kin ce za ki gwada zango ɗaya, in abin ya yi wuya ki dawo, don dama Inna ta tsufa, hawan jininta yana tashi, ba wanda ke tuna mata magani sai ke. Na gode da tausayi, Allah Ya ba ki masu jin ƙanki. Amma ni 'yar Iya ce, abin da ta gaya min shi zan gaya miki. Maganina yana kan taga, ina da ido, ina da miji, ina da surukai biyu da ke rige-rigen kawo min tuwo. Karatun zai yi wuya, wannan ba shakka. Akwai ranar da za ki zauna gaban na'ura ki ji kanki ya toshe, ki ga kowa ya wuce ki. Ranar ki kira ni ki ce, "Inna, tsoro nake ji." Zan yi alwala in yi miki addu'a, in kuma ce ki koma aji. In kin faɗi jarrabawa, ki sake. Ƙofar gidan nan a buɗe take gare ki kowane lokaci, ki zo hutu, ki zo salla, ki zo don kin yi marmarin furar gida. Amma ba da sunana za ki bar karatun nan ba. Ban ba ki aron sunan ba.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki gaida malamanki da ladabi, ki gaida matar da ta ba ki masauki, ki ce na gode mata ƙwarai. Mahaifinki ya ce in gaya miki ki riƙa ɗaga ido daga na'ura kina kallon nesa, kada ki dawo masa da tabarau. Yayyenki da 'ya'yansu duk suna gaishe ki.

Allah Ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, Ya sa ki zama wadda mutane za su ba amana su yi barci. Allah Ya kare ki daga mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ki da abokan arziki, Ya kai ki ranar karɓar difilom lafiya, Ya dawo min da ke ina da rai in gani da idona. Na yafe miki duniya da lahira. Allah Ya yi miki albarka.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna.